Tambaya da Amsa: Da wace tiya ake auna tsaron waya?

Wasiƙun wannan karon sun karkata kan waya da kuɗin da ke yawo cikinta. Mun ɗauki huɗu.

Assalamu alaikum. Ni ne magatakardan wata ƙungiyar ƴan kasuwa a Maraɗi, mun kai mutum tamanin. Yawancinmu muna sayo kaya daga Katsina da Kano ta Ɗan Isa, ciniki da biya duk a waya. Bara an yi mana bita kan ƴan damfara, kowa ya ce ya gane, amma har yau ana cin mutanenmu. Yaya zan gane wanda ya tsare kansa da gaske da wanda ke faɗa da baki kawai?
Magatakarda, unguwar Zariya

Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka tambayi kowa ko yana taka-tsantsan. Ba Alhajin da zai ce maka a'a a gaban ƴan'uwansa, kuma shi ma ya yarda da abin da ya faɗa.

Masu bincike sun daɗe suna fama da wannan. A 2015 Serge Egelman da Eyal Peer suka fitar da wani ma'auni mai suna SeBIS, tambayoyi 16 a kashi huɗu: kulle na'ura, zaɓen kalmar sirri, lura kafin a danna abu, da sabunta manhaja. Mutum yana amsa kowace tambaya a mataki biyar, daga "ban taɓa yi ba" zuwa "kullum". Ma'aunin yana da amfani, sai dai niyya yake aunawa, kuma an tsara shi ga wanda ya buɗe asusunsa da hannunsa. A nan kuwa sau da yawa yaron shagon waya ne ya buɗe wa mutum Gmail ranar da ya sayi wayar, mai ita bai ma san kalmar sirrin ba. Saboda haka ka auna da ido. Kowa ya riƙe wayarsa a hannunsa ya nuna maka, ba ka karɓa ba, ba ya faɗa maka lambar sirri ko ɗaya ba.

Ga rabon maki goma da muke ba da shawara, namu ne, ba na wata hukuma ba. Maki biyu idan allon yana kulle da lamba shida. Lamba huɗu tana da zaɓi 10,000, shida tana da miliyan ɗaya, zanen yatsa kuwa maiƙon hannu kan bar sawunsa a gilashi. Maki ɗaya idan saƙon da ya shigo ba ya karantuwa alhali wayar tana kulle. A tura masa saƙo a wurin a gani. Wannan ƙaramin abu ne da ake rainawa, amma ta nan wanda ke zaune kusa da kai a rumfa zai karanta lambar tabbatarwa, wadda ake turowa ta saƙo don shiga asusu, ba tare da ya buɗe wayar ba. Maki ɗaya idan sim ɗin kansa yana da lambar sirri, don wanda ya zare shi ya sa a wata waya ya tarar da ƙofa a rufe. A kula wajen gwada wannan: kuskure uku yana kulle sim, sai da lambar PUK mai lamba takwas da ke jikin katin da aka ɓalle sim ɗin, kuskure goma a PUK kuma sim ya mutu ke nan.

Maki biyu ga tabbatarwa ta mataki biyu a WhatsApp, wato ƙarin lambar sirri da mai asusun ke sa wa da kansa. Maki ɗaya idan aka buɗe jerin na'urorin da aka haɗa da asusun ba a ga baƙo ba. WhatsApp yana barin a haɗa har huɗu, kuma wanda ya ari wayarka na minti ɗaya ya isa ya haɗa tasa ya riƙa karanta hirarka daga gida. Maki ɗaya idan shi kaɗai ya san kalmar sirrin Gmail ɗinsa. Sauran biyun na layi ne: da sunan wa aka yi masa rajista? Wanda layinsa ke kan katin shaidar wani ba ya da bakin magana a ofishin kamfani ranar da wayar ta ɓata, alhali kuɗinsa da abokan cinikinsa duk suna rataye da wannan lamba.

Sai tambaya ɗaya da baki, e ko a'a: lambar sirrin asusun kuɗinka shekarar haihuwarka ce, ko ita ce ta buɗe allo? In e, a cire maki uku. Daga 1950 zuwa 2010 shekara 61 ce kacal ɓarawo zai gwada, furfura ma ta rage wa ɓarawo rabin aikin.

Abin da kan ɓata irin wannan awo shi ne a ce masu so su fito. Samarin da suka iya waya ne za su fito, sakamako ya yi kyau, dattawan da ake ci suna zaune. Rubuta sunaye a takarda, a yi ƙuri'a, a ɗauki ashirin da biyar. Kada a rubuta suna kusa da maki. Ka ƙirga mutum nawa suka faɗi a kowane abu, don shi zai nuna maka inda bita ta gaba za ta tsaya. Bayan wata uku a sake ƙuri'a. In adadin masu mataki biyu bai motsa ba, bitar baki ba ta aiki, sai a zauna a sa wa kowa nasa a wurin taro.

Wani ya kira yayata ya ce za a sa ta cikin rukunin masu karɓar tallafi, ta karanta masa lambar da ta shigo mata. Yanzu WhatsApp ɗinta ya fita, ana ta roƙon dangi jika goma, jika ashirin da sunanta. Me za mu yi?
Wata ƴar'uwa daga Tibiri

Sannu, ƴar'uwa, Allah ya kiyaye gaba. Lambar nan mai shida ita ce makullin asusun. Mai kiran ne ya sa lambar layinta a WhatsApp ɗin wayarsa, saƙon ya zo mata, ta miƙa masa. Muddin sim yana hannunta, asusun zai dawo. Ta buɗe WhatsApp, ta sa lambarta da +227, ta nemi sabuwar lamba ta saƙo. Da zarar ta shigar da ita, an fitar da shi daga wayarsa. In an nemi wata lambar sirri da ba ita ta sa ba, shi ne ya kunna mataki biyu. Sai ta jira kwana bakwai, amma a cikin kwanakin nan shi ma yana waje. Kada ta yi ta danna neman lamba a jere, lokacin jira ƙaruwa yake. Idan kuma ya sa ta ta danna wasu lambobi masu tauraro, mai yiwuwa ya karkatar da kiranta zuwa layinsa. Ta danna ##002# ta kira, wannan yana soke karkatarwar.

Tsofaffin hirarrakinta suna cikin wayarta, ba su bi shi ba. Abin da ya samu shi ne rukunoninta da lambobin mutanen ciki, shi ya sa dangi yake bi. Ku kira su da murya yau, kada ku jira. Wanda ya riga ya tura kuɗi ya ajiye hoton hirar da rasit da lambar da aka tura wa, a kai ƙara wurin ƴan sanda. Nijar tana da dokar laifukan intanet tun 2019, kuma ƙara da hujja a hannu ta fi ƙara da baki.

Ni ɗalibi ne a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo. Ba na saka sirrina a Facebook. Akwai hanyar da zan san abin da baƙo ke iya gani game da ni?
Ɗalibi, unguwar Ali Ɗan Sofo

Akwai, kuma ba ta buƙatar ko dala. Ari wayar wanda ba abokinka ba ne a Facebook, ka nemi sunanka, ka ba kanka minti goma kana rubuta abin da ka samu: ranar haihuwa, unguwa, sunan mahaifiya a wata addu'a da ka saka, jerin abokai, hoton katin ɗalibi ko takardar sakamako da ka ɗora don murna. Tsawon takardar shi ne makinka. Mai damfara ba sirri yake nema ba, abin da zai sa kawunka ya yarda kai ne ke magana yake nema.

Wani abin kuma ba daga hannunka yake fita ba. A 2021 an baza bayanan masu Facebook kusan miliyan 533 daga ƙasashe 106, har da lambobin waya. Shafin Have I Been Pwned, wanda Troy Hunt ya buɗe a 2013, yana nuna maka ko adireshin imel ɗinka ya fito cikin irin wannan ɓaraka; in ya fito, canza kalmar sirrin a duk inda ka maimaita ta. Sannan ka duba izinin manhajoji a wayarka. Tocila ko wasa ba su da hurumin ganin lambobin mutanenka da saƙonninka. Manhajar da aka turo maka ta Xender, da kwaikwayon WhatsApp masu ƙarin ado, ba wanda ya tantance abin da ke cikinsu. Idan wani kamfani ko ofishi ne ya yi wasa da bayananka, sai ka kai koke wurin hukumar da ke kula da kare bayanan mutane.

In an ɗauke wuta ina kai wayata wurin mai caji. Da matsala?
Mai sayar da albasa, babbar kasuwa

Kashe ta gaba ɗaya kafin ka miƙa, Malam, caji ba ya buƙatar waya a kunne. Wurin mai gyara kuwa, zare sim da katin ajiya ka sa a aljihu. In dole sai an buɗe allo don gwaji, ka buɗe da kanka kana tsaye. Tun yau ka danna *#06#, lamba 15 za ta fito, ita ce shaidar wayar kanta. Rubuta ta a takarda ka ajiye a gida tare da katin PUK, ba a bayan murfin wayar ba.