Tambaya da Amsa: Jinin ƙanena ne, to kuɗin me na biya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Da kakar nan maiɗakina ta haihu a gida, jini ya ɓalle mata, muka kwashe ta cikin dare zuwa babban asibiti. Aka ce sai an ƙara mata leda biyu. Ƙanena da wani maƙwabcina suka kwanta aka ɗebi nasu, ko sisi ba su karɓa ba, amma aka miƙo mini takardar biyan kuɗi, har sai da na sayar da buhun riɗi. Jinin namu ne, to kuɗin me na biya? Ko dai an cuce ni ne?
Daga wani magidanci, ƙaramar hukumar Taura, Jigawa.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Barka da arziki, Allah ya raya, ya ƙara wa maijego lafiya.

Na daɗe ina aiki a ɗakin gwajin jini na asibitin karkara, kuma na sha wannan tambayar ta taga, wani lokacin har da zagi. Idan wurin kashiya ka biya, aka ba ka rasit, ba jini ka saya ba. Hidimar da aka yi masa ka biya.

Ledar kanta sayo ta ake yi. Tana zuwa da allurarta da ruwan da ke hana jini daskarewa, kuma sau ɗaya ake amfani da ita. Sai gwaji huɗu da ba a tsallake su: ƙanjamau, ciwon hanta na B, na C, da tunjere. Nan kuɗin ke tafiya. Za ka ga ƙato ya zo, majiyin ƙarfi, jiya ma yana gona, a gwada shi a samu ciwon hanta na B bai sani ba. Dole a sallame shi a kira wani, kayan gwajin kuwa sun riga sun ƙone. Bayan nan a duba rukunin jini, sannan a haɗa ɗan samfurin jinin mara lafiya da na mai bayarwa a ga ko za su zauna lafiya. In aka yi ganganci a wannan matakin, ledar da aka rataya don ceto ita za ta yi kisa. Sau da yawa ma ba jinin ɗan'uwan ake sa wa ba. Na ajiya ake ɗaukowa, nasa ya maye gurbi. Na ajiyar kuma firji yake so dare da rana, sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 6, kuma bayan kamar kwana 35 sai zubarwa. Kai ma ka san halin wutarmu, ka san kuɗin dizal.

Inda ake cutar mutane wani wuri ne daban: masu raɓewa a bakin ƙofa suna raɗa maka "akwai mai jini", da ma'aikacin da zai ce ka ba shi a hannu ba rasit. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta cinikin jini, hadisi ma ya hana cin kuɗinsa. Mai sayarwa kuma ba zai faɗi gaskiyar lafiyarsa ba, ko lokacin da aka ɗebe shi na ƙarshe.

Duk da haka ban ce ka yi shiru ba. Jigawa da Kano duka suna da shirin kula da masu juna biyu kyauta, don haka ɗauki rasit ɗinka ka je ofishin sakataren asibitin, ka tambaya cikin ladabi ko abin da ka biya yana cikin shirin. A ganina macen da jini ke zuba bai kamata a tsaya lissafi a kanta ba, kuma Dokar Lafiyar nan ta hana a ƙi duba mai buƙatar taimakon gaggawa.

In Allah ya kawo wani rabon, ta riƙa zuwa awo, a san rukuninta tun ciki na ƙarami, ta haihu a asibiti tunda ta taɓa zubar da jini. Ka tanadi mutum biyu ko uku, 'yan shekara 18 zuwa 65, masu nauyin kilo 50 ko fiye. Kai ma ka bayar, amma a sa a ajiya: ba a so a sa wa mace mai haihuwa jinin mijinta, don yana iya jawo matsala ga cikin da za ta ɗauka nan gaba.