Tun a sahu na biyu ake gyara bango

Ɗana, jiya da muka tashi daga aiki ka tare ni a bakin famfo ka ce: "Maigida, ni da na fi shi iya jera bulo, don me kullum kake haɗa ni da yaron nan mai sanyin jiki? Kuma da na nuna maka bangonsa ya karkace, ni ka yi wa faɗa." Gajiya ta hana ni ba ka amsa a lokacin, to ga ta.

Ba ƙarya ka yi ba, bangon ya karkace, ni ma na hango. Abin da ya ɓata mini rai shi ne kana gefensa tun yana sahu na biyu, ka gani ka ja bakinka, sai da ya kai na shida, mai ginin ya zo duba aiki, sannan ka ɗaga murya. A sahu na biyu siminti bai kama ba. Da ka matsa ka ce masa a hankali "ja igiyarka ka sake dubawa", da shi ke nan. A na shida kuwa sai da muka rushe, kwaɓi ya tafi a banza, yaro ya wuni kansa a ƙasa gaban leburori. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma a kunne ake faɗa.

Ba ka taɓa tsayawa kan zubin dakin ba, wato rufin kankare, shi ya sa. Kwaɓin siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, da zarar ruwa ya taɓa shi ba ya jiran kowa. Ga zafin Birnin Kebbi a watan Afrilu, da yakan wuce digiri 40, kankare na saurin kamawa. In zubi ya tsaya, na farko ya daskare kafin na biyu ya iso, sai a sami gaɓa a tsakani, kuma ta nan ruwa zai riƙa yoyo da damina. Ranar, gwanintarka tana wuyan mai kwaɓi, da mai hawa da kwanon sarki a ka, da kafintan da ke ƙasa yana lura da tokaran katako.

Ina yaron gini a Jega na taɓa daka wa wani lebura tsawa, dattijo ne daga ƙasar Zuru, a haife ya haife ni. Bai ce uffan ba. Ya kife kwanonsa ya koma inuwa, mutum huɗu suka bi shi, dakin rabi. Maigidana ya je ya ba shi haƙuri da kansa, ni kuma ya ɗora mini kwanon har la'asar sakaliya. Fatar tsakar kaina ta yi mako tana zafi.

Shi yaron, lura da shi. Hannunsa ba sauri, amma awonsa ba ya tashi, bai taɓa ɓata mini ma'aunin kwaɓi ba, kai kuwa sau biyu kana cika ruwa don ka yi sauri. Gobe bangon gabas naku ne ku biyu. Shi zai kwaɓa ya ja igiya, kai ka jera. Ka riga shi zuwa, ka jiƙa masa bulon kafin rana ta ɗaga.