Me ya sa yaƙi a nesa ke tsadar da abinci ko'ina?

Malam, ka tambayi dalilin haka. Ƙasashe ƙalilan ne ke fitar da yawancin hatsi da takin zamani, don haka idan kaya suka daina fitowa daga ɗaya daga cikinsu, sai farashi ya tashi ko'ina. Da Rasha ta afka wa Yukren a 2022, jiragen alkama suka maƙale a Bahar Aswad, ma'aunin farashin abinci na FAO, wato hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ya kai inda bai taɓa kaiwa ba a watan Maris. A 2023 kuma Indiya ta hana fitar da farar shinkafa in ba basmati ba.

A ganina, ajiye hatsi da saye daga ƙasashe daban-daban su ne mafita. Sai dai ajiya na cin kuɗi, kuma kamfanin da ke gasar sayarwa da araha ba ya son ɗaukar wannan nauyin.