An ce kamfani ya yi kiranyen aksil ɗin tirelata, wa zai biya gyara?

Wani Alhaji daga Garwa ya rubuto: "Na sayi tirela ta hannu da aka sauke a Duwala, ina lodi daga Ngaundere zuwa Njamena. Ɗana ya gani a waya wai kamfani ya ce a mayar da irin aksil ɗinta a gyara kyauta. Ni ma ina ciki?"

Alhaji, Allah ya ƙara kasuwa. Kamfanoni kan yi kiranye idan suka gano aibu tun daga masana'anta, kamar walda mai rauni ko notin da ba ya riƙe boris yadda ya kamata. Sai dai ba duk mai ɗauke da sunan kamfanin ke shiga ba, lamba ce ke raba gardama. Ka sa yaron mota ya shiga ƙarƙashi da tsumma da ɗan gas, ya goge tsakiyar aksil, wato ƙarfen da ke ɗauke da tayoyin hagu da dama. Akwai ɗan faranti da aka manna, galibi laka da giris sun binne shi. A ɗauki hotonsa, a haɗa da lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17. Sau da yawa mai ƙera tirela daban, mai aksil daban: za ka tarar da BPW ko SAF-Holland na Jamus, ko Fuwa na Sin.

Da waɗannan lambobi ɗanka zai duba. Idan daga Amurka ta fito, shafin NHTSA, hukumar kula da lafiyar motoci ta ƙasar. Idan daga Turai, Safety Gate, shafin Tarayyar Turai na gargaɗi kan kaya masu haɗari, ko KBA, hukumar kula da motoci ta Jamus. A Amurka doka ta wajabta gyara kyauta muddin motar ba ta wuce shekara 15 da sayarwar farko ba, amma wannan doka ba ta tsallako teku ta iske ka a Garwa ba. Kada ka sa rai da yawa. Duk da haka ka aika wa kamfanin hotunan, ka tambayi ko suna da wakili a Duwala, ka nemi takardar da ta bayyana aibun da yadda ake gyaransa. Ko da aljihunka ne zai biya, takardar nan ta fi ka-ce-na-cen gareji amfani. Ka adana rasit. In kuwa lambarka ta fito a jerin waɗanda aka yi wa kiranye, ajiye motar har a gyara. Wanda ya san gangaren dutsen nan na bayan Ngaundere, inda birki ke ɗaukar zafi har ka ji ƙauri, ba zai sauka shi da lodi a kan aksil mai shakku ba.

Wani direba daga Kusiri kuma ya ce ya ga tsaga a jikin aksil kusa da mazaunin sifirin, maigidansa ya ce a kai wa mai walda.

Ɗan'uwa, ka lallaɓa maigida, amma kada ka yarda. Zafin walda yana raunana ƙarfen, tsagar ta sake ɓullowa a gefen ɗinkin, kuma ramukan hanyar Mora zuwa Kusiri ba za su yi mata sassauci ba. A canza aksil ɗin. In kuɗin sabo ya gagara aka koma na hannu, a cire boris a duba bakin aksil ɗin inda boris ke zama: idan ya yi shuɗi-shuɗi, ya taɓa ƙonewa, a bar musu kayansu.

Ka kuma tuna masa cewa yawancin tsagar nan lodi ke jawo ta. Ƙa'idar sikeli a Kamaru tan 13 ce ga aksil ɗaya, 21 ga biyu a haɗe, 27 ga uku, mota da kayanta gaba ɗaya tan 50. Mai ɗora buhuna fiye da haka, ko sabon aksil ya saya, kamfani zai iya ƙin karɓar ƙorafinsa in ya ga alamar an danne shi da nauyi.