Zauren Masu Karatu: Sun Ce Intanet Kyauta Ne, Yanzu Sun Janye

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Manchester da iyalina. Shekarun baya na shiga yarjejeniyar wayar hannu da wani kamfani, suka haɗa mini da intanet ɗin gida, suka ce kyauta ne muddin ina tare da su. Yanzu sun turo wasiƙa cewa nan da kwana 30 ko in fara biya duk wata ko su yanke. Suna da wannan ikon? Kuma idan na kai ƙara Ofcom, hukumar kula da kamfanonin sadarwa ta Birtaniya, za ta ƙwato mini haƙƙina? Daga 'yar'uwarku a Manchester.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Abin da ya same ki tsohon ciwo ne a Birtaniya, kuma sanin asalinsa zai nuna miki inda ƙarfinki yake.

A watan Afrilun 2006 kamfanin TalkTalk, wanda a lokacin yake ƙarƙashin Carphone Warehouse, ya fito da tallar intanet kyauta har abada. Mutane suka yi rububi. Amma kafin mutum ya samu wannan kyautar sai ya ɗauki tsarin kira da hayar layin waya na kusan fam 21 a wata, ya biya kusan fam 30 kuɗin haɗawa, ya kuma ɗaure kansa wata 18. A shekarar dai hukumar sa ido kan tallace-tallace, wato ASA, ta yanke cewa tallar na ruɗin mutane. Orange ma ya bi sahu a 2006, ya ba masu biyan fam 30 ko fiye a wata a wayar hannu intanet ɗin gida kyauta. A 2012, bayan haɗewarsa da T-Mobile, ya rubuta wa kwastomomin cewa kyautar za ta ci gaba ne kawai ga wanda ya mayar da hayar layinsa wurinsu. Ƙorafi ya yi yawa, domin mutane sun ɗauka alkawari ne na muddin suna tare da kamfanin.

Banza ba ta kai zomo kasuwa. Abin da ya sa kamfanonin suka iya cewa kyauta shi ne an ba su damar kafa na'urorinsu a cikin cibiyoyin layukan waya na BT, babban kamfanin layukan waya na Birtaniya, su riƙa hayar wayar tagullar da ta shiga gidan mutum. Idan kamfani na karɓar kuɗin hayar layi da na kira daga hannunki, ɗora intanet a kan wannan layin ba ya ci masa wani abin kirki. Idan kuwa hayar layinki wani kamfanin kike biya, to mai ba ki intanet asara yake yi a kanki duk wata. Ranar da masu lissafinsa suka gaji, ranar wasiƙa ke fitowa.

Batun ko suna da iko, takardar yarjejeniyarki ce za ta faɗa. Nemo ta, ki duba abu biyu. Na farko, shin an rubuta intanet ɗin a matsayin ɓangaren abin da kika saya, ko kuwa ƙarin garaɓasa da kamfani zai iya janyewa? Na biyu, sakin layin da ke ba su damar sauya sharuɗɗa. Kusan kowace yarjejeniya tana da shi, kuma a nan yawancin mutane ke faɗuwa, saboda kalmar “har abada” tana jikin allon talla ne, ba ta cikin takardar da suka sa wa hannu. Duk da haka ba a bar ki hannu rabbana ba. Ƙa'idar Ofcom ta ce idan kamfani zai sauya yarjejeniya ta hanyar da ba ta amfane ki ba, dole ya ba ki sanarwar aƙalla wata 1, ya kuma bar ki ki fita ba tare da biyan tarar karya yarjejeniya ba. Idan wayar hannun da intanet ɗin a dunƙule aka sayar miki, ki dage cewa fitar ta shafi dukkansu. Dokar haƙƙin masu sayayya ta 2015 kuma ta ce sharaɗin da babu adalci a cikinsa ba ya ɗaure mai saye, kuma abin da ɗan kasuwa ya faɗa miki har ya sa kika sayi hidimarsa yana iya zama ɓangaren yarjejeniya. Don haka tsohuwar takardar talla ko saƙon imel mai ɗauke da alkawarin ya fi dogon surutu a waya amfani.

Ofcom kuwa ba ta shari'ar ƙorafin mutum ɗaya. Za ta rubuta kukanki ta haɗa da na wasu, amma ba za ta kira kamfanin ta ce a mayar miki da intanet ba. Hanyar da ke kai ki ga diyya daban take. Ki rubuta wa kamfanin, ki fito fili ki ce ƙorafi ne a hukumance, ki karɓi lambar ƙorafin, ki rubuta ranar. Ki faɗi abin da kike so ƙarara: a ci gaba da kyautar, ko a sake ki ba tara, ko a biya ki kaza. Idan suka ce iyakar abin da za su yi ke nan, ki nemi wasiƙar da ke tabbatar da an kai bango, wadda suke kira deadlock letter. Da ita, ko kuma idan wa'adin jira ya cika ba a warware ba, sai ki tafi wurin masu sasanci. Wa'adin makonni 8 ne aka daɗe ana aiki da shi, kuma Ofcom ta sanar da rage shi zuwa 6 daga Afrilun 2026. Masu sasancin biyu ne, CISAS da Communications Ombudsman, kuma tilas kowane kamfani ya kasance ƙarƙashin ɗaya daga cikinsu. Sunan naki yana cikin tsarin karɓar ƙorafin da ke shafin kamfanin. Ba a biyan ko kwabo. Suna iya yanke diyya har fam 10,000, ko da yake a irin wannan ƙarar abin da ake samu bai kai kusa da haka ba. Idan kika amince da hukuncin, ya ɗaure kamfanin. Idan ba ki amince ba, ƙofar kotu a buɗe take. Kada ki bari wata 12 su wuce bayan wasiƙar deadlock ɗin ba ki kai musu ƙarar ba.

Kuskuren da muka fi gani shi ne mutum ya fusata ya je banki ya tsayar da cirar kuɗin da kamfani ke yi duk wata. Kada ki yi haka. Kamfanin zai rubuta ki cikin masu taurin bashi, kuma tabon yana zama shekara 6 a kundin bashinki, ya tare ki ranar da za ki nemi rancen gida. Ki biya, ki rubuta musu cewa kina biya ne ba da yardarki ba, ƙorafi na nan.

Tambaya: Idan na bar kamfanin, me zan yi asara banda intanet ɗin? Daga wani ɗalibi a Birmingham.

Amsa: Ɗan'uwa, ka fara da adireshin imel. Idan na kamfanin ne, yana iya tafiya da su. A ƙarshen Mayun 2017 kamfanin EE, wanda ya gaji Orange, ya rufe tsoffin adireshin Orange, Wanadoo da Freeserve baki ɗaya, mutane suka yi ta faman sauya bayanansu a banki da wurin aiki. Ka buɗe wani tun yanzu ka kwashe saƙonninka. Sai na'urar raba intanet: wasu kamfanonin aro suke ba ka, idan ba ka mayar ba su caje ka, don haka ka ajiye rasit ɗin gidan waya. Kuma kada ka yanke da kanka. Tun Satumban 2024 sabon kamfanin da ka zaɓa shi ke sanar da tsohon, su daidaita ranar, ta yadda ba za ka zauna kwanaki babu intanet ba, lambar wayar gida ma ba za ta salwanta ba.

Tambaya: Malamai, na ji an ce kamfanonin waya ne ke ɗaukar nauyin hukumomin da ke kula da su. To yaya za a yi wanda ake ciyarwa ya hukunta mai ciyar da shi? Mu nan ma a ba ka garaɓasar data yau, gobe ta ɓace, hukumar sadarwa ta NCC kuma shiru. Daga wani mai karatu a Fagge, Kano.

Amsa: Malam, abin da ka ji gaskiya ne. Ofcom, wadda ta fara aiki a ƙarshen 2003, mafi yawan kuɗin gudanarwarta daga harajin da take ɗora wa kamfanonin yake fitowa. NCC ma tana karɓar kashi 2.5 cikin 100 na kuɗin shigar kamfanonin waya duk shekara. Amma wannan haraji ne da doka ta wajabta, kamfani ba shi da ikon hana shi don an ɓata masa rai. A ganinmu matsalar ba a nan take ba. Tana wajen jinkiri, da kuma irin laifin da hukumar ke ɗauka da zafi.

Dubi TalkTalk. A 2010 mutane fiye da 1,000 suka kai kuka Ofcom cewa ana cajinsu hidimar da suka riga suka soke. Bincike ya gano fiye da 62,000 aka yi wa haka. Sai a Agustan 2011 aka ci kamfanin tarar fam miliyan 3, bayan ya mayar wa mutane kusan fam miliyan 2.5. A 2016 an ci Vodafone fam miliyan 4.6 kan cajin da bai dace ba da sakaci da ƙorafin jama'a. Tarar kuma baitulmalin gwamnati take shiga, ba aljihun wanda aka zalunta ba. Haka ƙarin kuɗi a tsakiyar yarjejeniya da ake ɗaurawa da hauhawar farashi: an shafe shekaru ana kuka kafin a hana shi a sababbin yarjejeniyoyi daga 17 ga Janairun 2025, aka ce dole a rubuta ƙarin da fam da kwabo tun ranar sa hannu. Hukumar tana motsi, amma sai kuka ya taru ya zama adadi. Wanda aka janye wa kyauta yau ba zai ji daɗin wannan ba, kuma yana da gaskiya idan ya yi fushi.

A Najeriya NCC ta nuna tana da haƙori lokacin da ta ci MTN tarar naira tiriliyan 1.04 a 2015 kan layuka miliyan 5.2 marasa rajista, aka daidaita a biliyan 330 a 2016. Wannan batun tsaro ne. Mai data kuwa abin da ya fi tunawa shi ne ƙarin kashi 50 cikin 100 a farashin kira da data da hukumar ta amince da shi a Janairun 2025, duk da cewa kamfanonin kashi 100 suka nema. Muna ganin hukumar za ta fi samun yardar jama'a idan ta riƙa nuna irin wancan zafin a kan garaɓasar da ake janyewa ba sanarwa.

Kai kuma ga abin yi. Ranar da aka turo maka saƙon garaɓasa, ɗauki hotonsa, ka duba kwanakin da za ta yi da sa'o'in da take aiki, domin da yawa ta dare ce kawai ko ta wasu manhajoji, kuma ana iya cinye ainihin datarka kafin a taɓa ta. Idan ta ɓace kafin wa'adi, kira kamfanin ka karɓi lambar ƙorafi. Idan ba su gyara ba, kira 622, layin NCC na kyauta; lambar ƙorafin nan za su fara tambayar ka, kuma rashinta ne ke sa a mayar da mutane da yawa baya. Idan kuma saƙonnin talla da ke cinye maka kati ne suka dame ka, tura STOP zuwa 2442.