Tambaya da Amsa: Yajin Aiki a Babban Asibitin Zinder

Tambaya: Assalamu alaikum. Tun yaushe ma'aikatan babban asibitin Zinder suke yajin aiki, kuma in sun shiga, ina mai marar lafiya zai nufa? Daga wata mai karatu, unguwar Birni.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Wannan asibiti na ƙasa ne, shi ke ɗaukar majinyatan da suka gagari Mirriya, Magariya, Matamaye, Tanut da Gure, har da na jihar Diffa. Nauyin da ke kansa ya fi hannuwan da ke ɗauke da shi yawa.

Gwagwarmayar yajin aikin ta yi ƙarfi ne a shekarun 1990, lokacin da ma'aikatan gwamnati ke yin watanni ba albashi. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, maganin da ake shigowa da shi ya yi tsada. Uwar ƙungiyar ƙwadago ta USTN ce ke jan ragama a lokacin. A fannin lafiya kuwa, ƙungiyar SUSAS ce ta haɗa ma'aikatan jinya da ungozomomi, likitoci da masu harhaɗa magani kuma suna da tasu ƙungiyar, SYNPHAMED.

Matsala mafi zafi ta taso daga abin alheri. Tsakanin 2005 da 2006 gwamnati ta mai da tiyatar haihuwa da jinyar yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta. Tsarin shi ne asibiti ya yi aikin da kayansa, ya aika takardar kuɗi, gwamnati ta biya daga baya. In biyan ya yi jinkiri, ɗakin magani sai ya ƙafe, a rubuta wa uwa takarda ta saya a waje, ita kuma ta ɗora laifin a kan ma'aikacin da ke gabanta. Ba shi ya riƙe kuɗin ba, wallahi. Ga kuma 'yan kwantaragi masu shekaru suna jiran ɗauka dindindin.

Kafin yaji, ƙungiya kan ba hukuma sanarwa a rubuce, kuma dole a bar ma'aikatan ko-ta-kwana. Duba marasa lafiya na yau da kullum da tiyatar da aka sa wa rana su ake ɗagewa. Naƙuda, zubar jini, jijjigar yaro ko haɗari kuwa, a tafi sashen gaggawa nan take, da takardar turawa daga asibitin unguwa in akwai, da katin awo.