Me Ya Sa Littattafan Bincike Suka Daina Shiga Aljihu?

Tambaya: Malam, mahaifina ya rasu ya bar mini kwali biyu na ƙananan littattafan Turanci, na labaran kisan kai da binciken 'yan sanda, yawancinsu na James Hadley Chase da Agatha Christie. Tun daga lokacin nake ƙarawa a kai daga wajen masu gwanjon littafi. To amma duk sabon bugun da na gani a kanti sai in tarar ya fi nawa tsawo da faɗi, ga tsada, ko a kanta ba sa jeruwa da na da. Me ya kawo wannan canji? In riƙa musanya tsofaffin da sababbi ne, tunda takardarsu ta yi ja, wasu har sun fara zubar da shafi? Kuma ta yaya zan gane mai daraja a cikinsu? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Allah ya jiƙan mahaifi, ya kai haske kabarinsa. Malam, kada ka musanya ko ɗaya. In kana son karanta labarin hankali kwance, sayi sabon bugu ka karanta, amma tsohon ya zauna inda yake. Labarin za a ci gaba da buga shi. Wannan ƙaramin jikin kuwa, da bangonsa da farashinsa da takardarsa, an kusa daina yin irinsa.

Ƙanƙantar da kake gani dabarar ciniki ce. A 1935 Allen Lane ya kafa kamfanin buga littattafai na Penguin a Ingila, ya riƙa sayar da littafi a kan sisi, kuɗin kwalin sigari a lokacin. Tsawonsa kamar santimita 18, faɗinsa 11, daidai aljihun kwat, don mutum ya saya a tashar jirgin ƙasa ya karanta a hanya. Launin bango ne ke gaya maka abin da ke ciki: ruwan lemo na ƙagaggun labarai gaba ɗaya, kore na labaran laifi da bincike. A Amurka kamfanin Pocket Books ya biyo baya a 1939 da littafin santi 25, aka riƙa raba shi ta hannun dillalan jarida da mujalla. Ana jera shi a ragar waya mai juyawa a kantin magani, da tasha, da shagon unguwa. Ramin ragar nan girmansa ɗaya ne, dole littafi ya zo daidai da shi. Shi ya sa shekara da shekaru girman kusan bai motsa ba, ko wace maɗaba'a ce ta buga.

Labarin bincike shi ya fi cin moriyar wannan tsari, domin littafi ne da ake shanyewa a dare biyu a nemi wani. A Italiya kamfanin Mondadori ya fara jerin masu rawayan bango a 1929, a Faransa Gallimard ya fito da Série Noire mai baƙin bango a 1945. Kamfanin Dell na Amurka, daga 1943 zuwa farkon shekarun 1950, yakan zana taswirar wurin da aka yi kisan a bayan littafi: ga ɗakin, ga matakala, ga taga. A 1950 kuma kamfanin Gold Medal na Amurka ya fara abin da ya girgiza kasuwa, wato buga sabon labari kai tsaye a ƙaramin littafi ba tare da ya fara fitowa da bango mai tauri ba. Riƙe wannan batu, zai yi maka amfani wajen maganar daraja.

To me ya sa ya girma? Kuɗi ne a gaba. Mai saye ya saba ƙaramin littafi araha ne, akwai farashin da ba zai yarda ya wuce ba, alhali kuɗin takarda da jigila suna ta hawa. A farkon shekarun 1970 wasu masu buga littafi a Ingila, irin su Picador da aka fara a 1972, suka fito da girma na biyu, kamar santimita 20 da 13, ga marubutan da ake ganin na manyan adabi ne. 'Yan kasuwar suna kiran ƙaramin A, wannan kuma B. Abin da aka ƙara na takarda kaɗan ne, abin da aka ƙara a farashi ya fi shi nesa. Da maɗaba'u suka ɗanɗana wannan riba, sannu a hankali suka kwashe labaran bincike su ma suka mayar girman B. Akwai kuma asarar da ke tattare da tsohon tsari a Amurka: littafin da bai sayu ba, mai kanti bango kawai yake yagewa ya mayar a biya shi, a lalata sauran. Ga masu karatu sun manyanta, ido ba ya son ƙananan haruffa. Ga labaran kansu sun yi kauri. Na da shafi 160 zuwa 200 ya ishe su, na yanzu sukan haura 400, in ka matse su a ƙaramin jiki sai littafi ya ƙi buɗuwa. Daga ƙarshe littafin waya da na'ura ya shigo, musamman bayan fitowar Kindle, na'urar karanta littafi, a 2007, ya janye masu neman labari mai araha na karantawa sau ɗaya. Su ne dama ainihin masu sayen ƙaramin.

Ni dai ina jin takaicin wannan rashi. Littafin da ke shiga aljihu shi ke yawo hannu zuwa hannu, a makarantar kwana da cikin mota. Ta haka Chase ya ratsa Najeriya, ta haka jerin Pacesetters na Macmillan, da aka fara a 1977, ya shiga hannun 'yan sakandare. Babban littafi a gida yake zama.

Batun gane shekarun littafi, fara da farashin da aka buga a bango. In ka ga 2/6 ko 3/6, wato sule biyu da sisi ko sule uku da sisi, an buga shi kafin Ingila ta canja kuɗinta a Fabrairun 1971. In ka ga 25p ko 30p, farkon shekarun 1970 ne. Lambar shaidar littafi da ake kira ISBN mai alƙaluma 10 ta kankama daga 1970, mai 13 kuma daga 2007. Zanen layukan nan da ake haskawa a kanti sai a shekarun 1980 ya bazu a bayan littattafai. Sannan buɗe bayan shafin suna, inda aka rubuta tarihin bugu. Wasu sukan jera shekarun da aka sake bugawa, wasu su sa layin lambobi daga 10 zuwa 1. Lamba mafi ƙanƙanta da ta rage ita ce bugun da ke hannunka.

A nan ne mutane ke ruɗewa. Bugu na farko na ƙaramin littafi ba lalle ne ya zama fitowar labarin ta farko ba. Littattafan Christie da yawa Collins ne ya fara fitar da su da bango mai tauri, daga baya Penguin da Pan da Fontana suka yi ƙananan. Na Chase ma da dama Robert Hale ne ya fara bugawa, Panther da Corgi suka biyo da na aljihu. Saboda haka yawancin abin da ke kwalinka an buga shi da yawan gaske, ba zai kawo kuɗi mai tsoka ba, gara ka sani tun yanzu. Waɗanda masu tarawa ke rububi su ne labaran da asalin fitowarsu a ƙaramin littafi ce, irin na Gold Medal, da masu taswira na Dell, da tsofaffin korayen Penguin masu lambar jeri a ƙashin baya, da waɗanda fitaccen mai zane ya yi wa bango, kamar zanen Tom Adams a littattafan Christie na Fontana. Ko a cikin waɗannan, lafiyar littafi ita ke yanke farashi: ƙashin baya bai karye ba, bango bai naɗe ba, shafi ya cika.

Shawarata ka zaɓi layi ɗaya ka bi. Marubuci ɗaya a maɗaba'a ɗaya, misali duk Chase na Corgi, ko duk kore na Penguin da ka iya samu. A wajen mai gwanjo ka ƙirga shafukan ƙarshe kafin ka biya, don labarin bincike da ya rasa shafi biyar na ƙarshe ya tashi aiki. Ka kuma lura da bugun sata: haruffa dishi-dishi, hoton bango ya dushe, yanka a karkace.

Jan da takarda ta yi kuwa daga asalinta ne. Da niƙaƙƙen itace mai araha aka yi ta, akwai sinadarin da haske da zafi ke sa ya dafe, ya kuma sa takardar ta yi ƙarmas. Ba a iya mayar da ita fara, sai dai a rage saurin lalacewar. Shafukan ma gam ne ya riƙe su, babu ɗinki, kuma zafin bazara da bushewar hunturu suna busar da gam ɗin har ya tsage. Don haka kada ka buɗe tsohon littafi ka danne shi, kada ka naɗe bango baya. Fitar da su daga kwali, domin kwalin da ke ƙasa gara da kyankyasai yake kira. Jera su a tsaye a kanta, nesa da taga, nesa da bangon da ke tsatsafo da damina, ƙanana da ƙanana, manya a nasu layi don kada su lanƙwasa juna. Salatif kuma ka nisance shi gaba ɗaya: bayan 'yan shekaru yakan ɓare ya bar tabo mai ruwan ƙasa wanda ba ya fita. Wanda ya fara zubar da shafi, tattara shafukan a jere, ka naɗe shi da farar takarda mai tsabta, ka ɗaure da zare sako-sako. In mahaifinka ya rubuta sunansa ko kwanan wata a shafin farko, bar shi yadda yake, kada ka goge.